Ayarin Taki

Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi tare bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa yanzu da yake kwance a gidansa na gaskiya zan fara rashin kunya ba. Maigida nake ce masa. Shi kuma "ke" yake ce mini, in ransa ya yi fari ya ce "'yar Gagarawa", don daga can aka kawo ni. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, rijiya ɗaya, masallaci ɗaya na zana. A lokacin an ce jirgin ƙasa ya iso Kano, amma a cikinmu ba wanda ya taɓa sa shi a ido sai maigidana, shi ɗin ma ba mu gama yarda da labarinsa ba.

Falke ne, jakuna biyar gare shi. Da an gama girbi sai ya ɗaura musu gero da 'yan turamen saƙi ya bi ayari zuwa Damagaram, ya dawo da kanwa da gishiri da dabino. Mutum ne mai shiru, magana sai an ciro ta daga bakinsa kamar ƙaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Uwarsa, wadda duk gari ke kira Iya, takan ce an haɗa kalangu da dutse a ɗaki ɗaya.

A shekarar da nake ba da labari ina goyon 'yata ta fari. Farkon bazara sai ga abokan tafiyarsa sun kawo shi kwance a bayan jaki, an ɗaure shi da rawani don kada ya faɗo. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanya, ga shi sun tarar da wata rijiya ta ƙafe, sun sha wuyar ƙishirwa. Kwana bakwai jikinsa na ci da wuta. Ran na takwas zazzaɓi ya sauka, muka yi hamdala, Iya har da sadakar waina. Ashe ba a nan gizo yake saƙar ba.

Ya tashi zaune, ya dubi rufin ɗaki, ya dube ni, ya ce, "Baiwar Allah, wannan wane zango ne?"

Na zaci tsokana ce, ko da yake bai saba ba. Na ce, "Zangon da ka biya sadaki ne."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ki gaya wa mutanena su ɗaura kaya. Kwana uku ya rage mu isa gida, iyalina na can na jira."

Na kira Iya, ta shigo, ya gaishe ta da ladabi kamar tsohuwar da bai taɓa gani ba. Daga ranar mutumin nan da magana sai an roƙe shi ya koma kamar an kwance bakin salka, zuba yake ba tsayawa. Ba barci, ba ci. Abu ɗaya ke ransa, ya tafi gida. Yana tsaye a tsakar gidan da aka binne cibiyarsa yana kukan a bar shi ya tafi gida. In aka yi sakaci kaɗan sai a hango shi can cikin sabara ba takalmi, ya nufi inda ba gari ba ruwa.

Kwana na huɗu ya fice zuwa bakin rijiya, ya tarar da wani baƙo yana shayar da jakunansa. Ya sa sanda ya kora su, wai na ayarinsa ne. Baƙo ya riƙe masa riga, shi kuwa ya sauke masa sandar a ka. Jini ya zuba, ƙara ta kai gaban bulama, wato mai garinmu.

Zamanin nan ba mu da asibiti a kusa, balle na masu taɓin hankali. Abu biyu ake yi wa wanda ya kai ga duka. Ko a kai shi gidan boka a sa ƙafarsa a turu, gungumen da ake ɗaure mahaukata, ko a aika Gumel a turo dogari ya sa masa mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, daga can a wuce da shi Kano, inda aka ce akwai wani gida da ake kulle irinsu likita yana leƙawa. Ban taɓa ganin gidan ba, ba zan ɗora wa kowa laifin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne an taɓa kai wani daga ƙauyen da ke gabas da mu, har uwarsa ta mutu ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Kafin bulama ya yanke magana, wan maigidana ya tara maza huɗu suka danne shi, suka ɗaure masa ƙafa da igiya a jikin turke, turken da yake ɗaure babban jakinsa. Yini guda da kwana yana nan. Bai zagi kowa ba. Roƙo kawai yake, "Ku sake ni don Allah, ana jira na a gida." Da gari ya waye na ga igiyar ta ci fatar ƙafarsa. Na ɗauko lauje na datse ta.

Wansa ya taso kamar zai cinye ni. "Ke yarinya, kina da hankali kuwa?"

Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, ranar na ajiye kunya a gefe. Na ce, "Yaya, ka gafarce ni, amma wannan turken na jaki ne. Ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"In ya kashe wani fa? Ke za ki biya diyya?"

Gaskiya ya faɗa. Amma wannan bai tsayar da ni ba. Na saɓa goyo na nufi ƙofar gidan bulama, Iya na bina da sandarta tana cewa in tsaya in ɗaura ɗankwali. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi a gida. Ciwo ne, ba mugunta ba."

Bulama tsoho ne mai sanyin magana. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "'Yata, yanzu bazara ce, kowa na zaune, akwai masu ido a kansa. In ruwan shuka ya sauka kowa zai kama gonarsa, ba mai tsaron wani. Na ba ki daga yau zuwa ruwan shuka. Ranar in bai dawo hayyacinsa ba zan aika Gumel. In kuma ya sake fasa wa wani kai kafin nan, ba sai an jira ruwa ba."

Na yi godiya na taso da ƙarfina, sai da na iso gida na tuna ban san abin da zan yi da shi ba.

Da farko abin da kowa ya sani muka yi. Muka kwashe wuƙaƙe da gatari da igiyoyi muka kai maƙwabta. Liman ya riƙa aiko da rubutu, Iya na dafa jiƙe-jiƙenta da tsamiya. Amma tafiyar nan ba ta fita daga ransa ba, hana shi kuwa ƙara masa wuta yake. Ran nan na gaji, na ce to bari in ga iyakar gudun ruwansa. Ya kwance jakunansa na bar shi, ya ɗora musu akumari, shimfiɗar ɗaukar kaya, na bar shi, ya kora su na bi bayansa da goyo. Abin mamaki, da ya samu jakuna a gabansa sai surutun ya ragu. Yana tafe yana duba ƙafar wannan, yana gyara wa wancan kaya, sak mutumin da na sani. Da rana ta take ya tsaya gindin wata tsamiya ya ce a sauka a nan, dabbobi sun gaji. Da ya huta na ce masa hanyar ta nan ce, na juya kan jakin gaba, ya biyo mu muka dawo gida. Ranar ya ci tuwo, ya yi barcin da rabonsa da shi tun kafin zazzaɓi.

Na ba Iya labari. Ta dubi bayan gida, inda kashin dabbobi da toka da shara suka taru tun kaka. Ta ce, "In dai tafiya yake so da jakuna, ga taki can ya yi tudu ba mai kai shi gona. Ai faɗuwa ta zo daidai da zama."

Na yi dariya har na riƙe ciki, dariyata ta fari tun da aka kawo shi. Washegari muka cika mangaloli da taki. Ya fito ya zagaya su, ya jijjiga ɗauri, ya ce an ɗora kanwar nan a karkace, wa ya koya mana aiki? Ya kwance ya sake ɗaurawa da kansa. Muka tafi gonarsu ta arewa, muka zube, ya ce madalla, an sauke wa mai kaya kayansa. Sau huɗu muka yi sawu kafin azahar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni kuwa mace ce da goyo, in ya zabura ba zan iya riƙe shi ba. Iya ce ta bi gida gida da sandarta. Abin da ta gaya musu ɗaya ne: kowane gida ya ba da namiji guda ya raka ayari yini ɗaya, a ranar kuwa takin gidan za a kai gonarsu. Tabɗi! Mutanen da jiya suke rufe ƙofa in sun hango shi, yau ga su suna rigimar wa zai riga wani. Waɗansu tsofaffi biyu sai da liman ya shiga tsakaninsu, kowa na rantsuwa ranarsa ce. Wansa ma da ya ga takin maƙwabcinsa ya isa gona nasa na nan jibge, sai ga shi da sassafe ya ɗaura ɗamara yana cewa, "Madugu, an tashi lafiya?"

Madugu shi ne shugaban ayari, kuma tun daga ranar sunan ya bi shi. Dokokinmu uku ne, Iya ta kafa su: ba a yi masa gardama, ba a yi masa dariya a gabansa, ba a barinsa shi kaɗai kusa da rijiya. In ya ce saura kwana uku mu isa, sai a ce Allah ya kai mu. Ba ƙarya muka yi ba, addu'a ce.

Ni kuwa a wurinsa na zama mai tuwon zango, irin matan da ke sayar wa fatake abinci a inda suka sauka. Da la'asar in ayari ya dawo, sai ya zauna a inuwar rumbu, in kawo masa tuwon gero da miyar kuka, ya ci ya suɗe, ya ɗebo dabino daga cikin kayansa ya ba ni. Ɗakina kuwa ko ƙofarsa ba ya kallo. A rumfa yake kwana tare da mai rakiyar ranar. Wata rana na matso kusa don in duba ciwon ƙafarsa, sai ya janye da sauri ya ce, "A'a, baiwar Allah, ki tsaya daga nan. Ni mai iyali ne."

Kai, ban san lokacin da na ce, "To, ita matar taka wace iri ce da har ake gudun mutane saboda ita?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce, "'Yar Gagarawa ce. Bakinta barkono. In ta fara faɗa kaji ma barin gidan suke."

Iya na bakin murhu, na ji ta ƙware da dariya tana tari. Na cije na ce, "Ashe kana shan wahala. Me ya hana ka sallame ta ka huta?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "In sallame ta? Ke ba ki san komai ba. Ni ba ni da magana, ita ce maganata. In na dawo daga tafiya tun daga bakin gari nake kasa kunne, in na jiyo muryarta tana yi wa akuya masifa sai in ji gajiyar ta sauka. Tuwonki ba laifi, amma nata ya fi."

Wannan tuwon dai da wancan hannu ɗaya ya tuƙa su. Na tashi na shige bayan rumbu na yi kuka na yi dariya, duka a haɗe, har majina. Shekara uku ina gidan mutumin nan bai taɓa ce mini ko sannu da miya ba, sai da hankalinsa ya tafi na ji abin da ke cikinsa. Wallahi na ji daɗi, daɗin da har yau in na tuna sai in ji ni yarinya. Daga ranar kullum sai na tsokano shi da zancen matarsa, kullum kuwa da sabon abin da zai faɗa. Har 'yar tamu yakan karɓa ya yi mata wasa a cinya, ya ce yana da irinta a gida, sai dai tasa ta fi wannan hanci.

Kada in sa a zaci kullum salla ce. Akwai ranakun da yake tashi ido jawur, ya ƙi ci, ya ce an sace masa jaki alhali ga su biyar a gabansa. Irin ranar sai a rage masa mutane, a bar shi da wanda ya fi sakin jiki da shi, a yi sawu ɗaya a dawo. Mafi muni ita ce ranar taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa. Kun san wasan taubasai, ba a jin haushi, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama. Shi wannan sakaran ya ɗauka wasan na nan yadda yake. Muna tsakiyar ɗaurin kaya sai ya kece da dariya ya ce, "Madugun kashin awaki! Kai, wace kanwa? Shinshina ka ji!"

Na ga fuskar maigidana ta sauya. Ya dubi mangala, ya dubi mutane. Ya ɗaga sanda. Ban yi tunanin komai ba sai maganar bulama, na faɗa tsakaninsu, sandar ta sauka a kafaɗata. Na ji ta har cikin haƙorina. Wansa ya rungume shi ta baya yana ce masa, "Madugu, a yi haƙuri, ɗan zango ne mara kunya," har ya lafa. Ni kuwa da hannun da ya rage mini na zari muciya na bi taubashin nan. Sai da na zagaya gari da shi sau biyu, yana ihu yana "Na tuba, matar yaya!", mata na leƙe ta kan danga suna cewa in ƙara masa.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen bulama, ya aiko a kira ni. Na je kafaɗa a kumbure. Ya ce, "An ce an yi duka a gidanku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi. Ni na doki taubashinsa da muciya."

Ya dubi kafaɗata, ya dubi ƙasa, na ga gemunsa na motsi kamar mai danne dariya. Ya ce, "To, wanda aka doka da muciya bai kawo ƙara ba. Wani ma bai kawo ba. Tashi ki tafi, ki sa wa hannun nan ruwan zafi."

Kwana biyu maigida bai fita ba, ya juya wa kowa baya. Ran na uku taubashin ya zo da kansa ya durƙusa ya ce a ɗauke shi aikin kora, aka ci gaba.

Haka muka yi wajen wata biyu. Takin garin nan kaf sai da ya koma gona, har aka fara kwasar na rugar Fulanin da ke yamma da mu, su kuma suna aiko mana da nono. Maigida ya yi ƙiba, barcinsa ya daidaita, surutun ya ragu ƙwarai. Wani lokaci yakan tsaya ya ƙura wa wata bishiya ido ya ce ta yi kama da wata da ya sani. Ya daina cewa saura kwana uku. Amma bai ce ya iso ba, ni kuma har lokacin baiwar Allah ce.

Na je wurin liman na ce, "Allah ya gafarta malam, yaya za a yi in gane ya dawo? Na kasa tambayarsa, ina tsoron in ɓata abin da aka gyara."

Ya ce, "Ba sai kin tambaye shi ba. Ki lura da sallarsa. Tun da ya tashi daga zazzaɓin nan azahar da la'asar raka'a biyu yake yi, sallar matafiyi, shi ya sa ba ya bin mu jam'i. Na bar shi don an ɗauke masa alƙalami. Ran da ya cika huɗu, zuciyarsa ta sauka a gida."

Daga nan na samu sabon aiki. Duk azahar ina laɓe a bayan danga ina ƙirga. Biyu, sallama. Kashegari biyu, sallama. Ga gabas ta fara haɗa baƙi da maraice, ga iska ta juya. Allah ya yafe mini, a duk ƙasar Gumel ina jin ni kaɗai ce nake kallon hadari ina roƙon ya wuce.

Bai wuce ba. Wata Talata da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, yara na tsalle a cikinsa tsirara, maza na ta hamdala. Bulama mutum ne mai cika alkawari ko da ba ya so. Da asuba ya tura ɗan aike Gumel, ya kuma aiko a gaya mini don kada in ji a bakin wani.

Ranar Laraba ba wanda ya zo rakiyar ayari, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Maigida ya ɗora wa jakuna akumari ya tsaya a ƙofar gida yana jira. Ya daɗe yana kallon mutane suna sara suna jefa iri a gonakin da ya kai wa taki. Can sai ya juyo ya sauke akumarin ɗaya bayan ɗaya, ya zauna. Na ƙirga azahar, biyu. La'asar ma biyu, sai dai ya daɗe zaune bayan sallama yana kallon tafin hannunsa.

Alhamis kafin rana ta take dogari ya iso a kan wata ramammiyar goɗiya, da mari a cikin jaka, ina jin ƙarar ƙarfen tun daga zaure. Bulama ya rako shi, da liman, da wan maigida wanda ya baro shukarsa. Yayan nan da ya ɗaure shi a turke, yau shi ne idonsa ya yi ja yana cewa a ƙara mana ko kwana bakwai. Bulama ya ce magana ta riga ta fita daga hannunsa. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, Iya ta damƙe mini hannu. Liman ya dubi inuwa ya ce, "Lokaci ya yi. A bar bawan Allah ya yi azahar tukuna."

Maigida ya yi alwala a gindin rumbu, ya shimfiɗa buzunsa a kan damshin ƙasa, ya ta da salla. Maza na tsaye a bakin zaure, ni da Iya muna ƙofar ɗaki. Raka'a ɗaya. Raka'a biyu. Ya zauna tahiya. Na runtse ido ina jiran in ji sallama.

Sai na ji ya ce, "Allahu akbar."

Na buɗe ido, ga shi tsaye. Guɗa ta taho mini, Iya ta toshe mini baki da tafin hannunta, tana raɗa mini, "Don ubanki ki bari ya idar!" Hawayenta na zuba a wuyana. Ya yi ta uku, ya yi ta huɗu, ya sallame.

Ya juyo ya ga mutane cike da gidansa. Ya gaida bulama, ya gaida liman, ya ce wa wansa, "Yaya, lafiya na gan ku haka? Ba a shuka ne?" Bulama ya yi masa tambaya biyu uku, wane gari ne nan, wace ce waccan tsohuwar, ya amsa yana mamakin tambayar. Ya ce ya san ya yi ciwo, abubuwa na zo masa kamar mafarki, kansa kuma ya yi nauyi. Dogari ya dubi bulama ya ce shi dai mahaukaci aka aiko shi ɗauka, bai kuwa ga ko ɗaya ba, sai dai in waccan mai tsalle a ƙofar ɗaki ce. Ni yake nufi. Aka dama masa fura ya sha, ya hau goɗiyarsa ya koma da ƙarfensa.

Da mutane suka watse na ɗebo ruwa a ƙoƙo na kai masa, na durƙusa kamar yadda nake yi duk ran da ya dawo daga fatauci. Ya karɓa ya sha. Ya dube ni, na ga ya san wadda yake kallo. Duk bakin nan nawa sai ya mutu, da ƙyar na ce, "Maigida, sannu da zuwa."

Ya ce, "Yawwa, 'yar Gagarawa. Na daɗe ko?"

Na ce, "Ka ɗan daɗe."

"Na same ku lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau."